RetroTINK-5X Pro: Tsohuwar Sega a Kan Talabijin na Bango

Na shafe wajen wata huɗu ina amfani da RetroTINK-5X Pro, ƙaramin akwatin da ake sakawa tsakanin tsohuwar na'urar gem da talabijin na zamani, kuma ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani a tare da shi, musamman da yake kuɗinsa ba na wasa ba ne. Abin da ya kai ni ga sayensa shi ne wata Sega Mega Drive 'yar Japan da na tono daga kwalin tsofaffin kaya a gidanmu, tare da kaset shida da hannu biyu na buga gem, sai kuma PlayStation 2 'yar Turai da na saya ta hannu shekarun baya. Ranar da na jona Segar a talabijin na bango da wayar nan mai kai rawaya, murnata ba ta kai minti goma ba. Hoton ya fito a dagule kamar an shafa masa man kaɗanya, talabijin kuma ya miƙe shi ya cika faɗin allo har Sonic, jarumin gem ɗin, ya koma wani gajere mai tumbi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, sai in danna maɓallin tsalle, amma tsallen ba ya zuwa sai na riga na afka kan ƙaya. Da farko na ɗora laifin a kan shekaru, na ce hannu ne ya yi sanyi, har sai da na sami wani tsohon talabijin mai doro a gidan maƙwabci na jona, na ga hannuna yana nan yadda na bar shi.

Dole ne a fahimci dalilin wannan kafin a yanke wa akwatin hukunci, domin wanda bai san cutar ba ba zai san darajar maganin ba. Tsarin watsa shirye-shiryen talabijin na da yana zana hoto ne kashi biyu: a zagaye na farko a zana layi na ɗaya da na uku da na biyar har ƙasa, a zagaye na biyu a cike layukan da aka tsallake, ido kuma ya haɗa su ya ga hoto guda mai layi 480 a tsarin NTSC na Amurka da Japan, ko layi 576 a tsarin PAL da Turai da Najeriya suke bi. Masu ƙera na'urorin gem na wancan zamani, tun daga Famicom ta kamfanin Nintendo ta 1983 zuwa Mega Drive ta 1988 da Super Famicom ta 1990, sun yi wata dabara: maimakon su cike layukan da aka tsallake, sai su sake zana sabon hoto a kan layukan farko, wato cikakken hoto mai layi wajen 240, sau 60 a kowace daƙiƙa. Wannan shi ake kira 240p. Talabijin mai doro bai damu ba, abin da aka miƙa masa shi yake zanawa nan take. Shi kuwa na bango, wanda kowa ke kira filasma ko da ba filasma ba ne, yawanci bai san wannan dabara ba. Yana ɗaukar hotunan a matsayin rabi da rabi, sai ya tsaya ya tara biyu ya gwama su, ya yi musu gyaran da aka tsara domin fim da labarai, sannan ya nuna. Daga nan dagulewar take fitowa, daga nan kuma jinkirin yake fitowa. Kowane hoto ɗaya yana ɗaukar milisakan 16.7, saboda haka talabijin da ya riƙe hoto huɗu ko biyar kafin ya nuna ya isa ya kashe ɗan wasa a gem irin Contra, inda harsashi ɗaya ke gamawa da mutum.

Kafin in kai ga wannan akwati, na bi hanyar da kusan kowa ke bi, wato na sayi ɗan ƙaramin abin nan mai araha da ake sayarwa a shagunan kayan lantarki, mai karɓar waya rawaya da fara da ja ya fitar da HDMI, wato wayar hoto ta talabijin na zamani. Araha ba ta ado. Irin waɗannan an yi su ne domin na'urar bidiyo da ta faifan fim, don haka kuskuren da talabijin yake yi shi suke maimaitawa, su ƙara nasu jinkirin a kai. Akwai hanya mai sauƙi ta kama su: a yawancin tsofaffin gem, idan aka bugi ɗan wasa yakan riƙa ƙyaftawa, ya bayyana a hoto ɗaya ya ɓace a na gaba. Na'urar da ke gwama hotuna biyu takan sa shi ya ɓace gaba ɗaya, ko ya tsaya cak ba ƙyaftawa, ko ya fito a tsattsage kamar haƙoran matsefi. Nawa na matsefin ya yi.

RetroTINK-5X Pro ya fito ne a 2021, aikin wani injiniya ne a Amurka mai suna Mike Chi, wanda ya riga ya yi suna da ƙananan na'urorin RetroTINK-2X. Akwati ne na roba marar nauyi, wanda bai fi tafin hannu biyu ba, yana zuwa da rimot, kuma yana cin wuta ta wayar USB irin ta tsofaffin wayoyin hannu. Yana karɓar hoto ta hanya huɗu: waya rawaya da aka saba, wayar S-Video, wayoyi uku masu launin kore da shuɗi da ja, da kuma SCART, wato babban soket ɗin nan mai ƙafa 21 da duk wanda ya taɓa mallakar talabijin ɗan Beljiyam ya sani a bayansa. Babu rami rawaya a jikinsa, kuma wannan kan rikita sabon shiga. A ramin kore ake cusa wayar rawaya, sannan a zaɓi hakan a rimot. Yana fitar da hoto ta HDMI har zuwa 1440p, wato hoto mai layi 1440. Ba ya karɓar wayar eriya, don haka wanda na'urarsa ba ta da mafita sai ta eriya, irin Famicom ta asali, sai ya nemi wata dabara tukuna.

Abin da ya fara burge ni shi ne rashin wahala. Na jona Segar, na zaɓi hanyar shigar hoto, hoto ya fito da siffarsa ta asali, huɗu bisa uku, da baƙin fili a hagu da dama kamar yadda ya kamata. Akwatin ya gane 240p a matsayin 240p, bai gwama komai ba, ƙyaftawar Sonic bayan ya zubar da zobba ta dawo daidai. Jinkirin kuwa ya danganta da saitin da aka zaɓa. A saitin da aka rubuta Frame Lock, akwatin yana bin bugun na'urar gem sau da ƙafa, jinkirinsa wajen rubu'in hoto ɗaya ne, abin da hannun ɗan Adam ba zai ji ba. A saitin Triple Buffer kuwa yana fitar da bugun da kowane talabijin zai karɓa, jinkirin kuma yakan kai hoto ɗaya da ɗan ɗoriya. Sai dai a sani cewa akwatin ba shi da iko a kan abin da talabijin zai yi da hoton bayan ya karɓa, don haka wajibi ne a shiga saitin talabijin a kunna Game Mode, a kashe duk wani gyaran motsi, a kuma rage kaifin hoto. Wanda ya manta da wannan ya zubar da rabin kuɗinsa.

Sunan 5X daga lissafi ya samo asali, kuma lissafin yana da amfani ga mai saye. Yawancin gem na Mega Drive suna da ɗigo 320 a faɗi da layi 224 a tsaye. Idan aka ninka kowane layi sau biyar za a sami 1120, wanda ya ɗara 1080 na allon zamani da kaɗan, sai a datse layi takwas na asali, huɗu sama huɗu ƙasa. Asarar ba ta taka kara ta karya ba, domin talabijin mai doro ma yakan ɓoye gefen hoton a bayan bakinsa, masu zana gem kuma sun san da haka, ba sa ajiye abu mai muhimmanci a wurin. Wanda ba ya son a datse komai yana iya zaɓar ninki huɗu, hoton ya ɗan ƙanƙance da baƙin fili sama da ƙasa, ko ya zaɓi saitin da ke cike tsayin allon daidai. Ni ninki biyar na zauna a kai, saboda kowane layi yana fitowa da kauri ɗaya da ɗan'uwansa, kuma idan fili yana gudu babu wani ɓari da ido ke gani.

Daga nan ne na shiga abin da ya fi ɗaukar mini lokaci, kuma shi ne ya sauya mini tunani a kan lamarin baki ɗaya. Mega Drive tana iya fitar da hoton RGB, wato ja da kore da shuɗi kowanne a wayarsa, ba tare da an yi mata wani gyara ba. Da na sami wayar SCART da ta dace da ita, hoton ya fito tar, kowane ɗigo da kusurwarsa huɗu kamar an yanka da reza, launuka kuma suka yi kyan da ban taɓa ganin Sega da shi ba. Kwana biyu ina yaba wannan kaifi, sai na iso wurin da ruwa ke kwararowa daga dutse a Green Hill Zone na Sonic the Hedgehog, gem ɗin 1991. A tunanina na yarinta, ruwan garai-garai yake, ana hango abin da ke bayansa. A kan RGB kuwa sai na ga ashe ba ruwa ba ne, sanduna ne a tsaye, layi ɗaya mai launi, layi ɗaya babu komai. Mega Drive ba ta da hanyar haɗa launi biyu ta yi abin da ake gani ta cikinsa yadda Super Famicom ke yi, don haka masu zane suka riƙa jera ɗigo ɗaya bayan ɗaya, suna dogaro da cewa wayar rawaya da talabijin mai doro za su narkar da su su zama launi guda. Haka hasken fitilun da ke sauka a mashaya a Bare Knuckle II, wanda aka fi sani da Streets of Rage 2, ya koma tamkar raga. Ashe dagulewar da nake gudu wani ɓangarenta yana cikin zanen tun asali, kuma talabijin ɗin da muka jefar rabin na'urar ne, ba allo kawai ba.

A nan akwatin ya nuna cewa wanda ya ƙera shi ya san wannan matsala. Ana iya barin wayar rawaya a jone, domin yana tace hotonta da kyau fiye da kowane talabijin na bango da na gwada, ruwan Green Hill ya koma ruwa ba tare da jinkiri ya dawo ba. Ana kuma iya zama a kan RGB a kunna siraran layuka masu duhu tsakanin layukan hoto, irin waɗanda ake gani idan an matsa kusa da talabijin mai doro, tare da kwaikwayon ragar da ke cikin gilashinsa. Yawancin waɗannan ba su zo da akwatin a ranar da ya fito ba, an riƙa ƙara su ne kyauta ta hanyar sabunta manhajar cikinsa, wanda ake yi da kwamfuta da wayar USB. Suna tausasa kaifin, fuskoki su daina zama tarin murabba'i, rubutu ya yi daɗin karatu. Farashinsu shi ne haske, domin duk layin da aka duhunta an rage wa allo haske ne, kuma a falo mai taga a buɗe da rana sai na kashe su. A ra'ayina, kwaikwayon ya fi kyau a 1440p, inda kowane layi na asali ke samun layi shida, amma ba kowane talabijin ke karɓar 1440p ba, ya kamata a duba kafin a sa rai. Ko a nan ma kwaikwayo ne mai kyau, bai kai asali ba.

Idan da Sega kaɗai nake da ita, da na ce kuɗin ya yi yawa. PlayStation 2 ce ta sa kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Wannan na'ura ta shekarar 2000, wadda ta riƙe gidajen gem na unguwanninmu shekara da shekaru da Winning Eleven da Pro Evolution Soccer, yawancin gem ɗinta da gaske rabi da rabi suke fitar da hoto, 480i ko 576i, don haka dole ne a haɗa su. Ƙananan na'urori masu ninka layi kawai suna nuna rabi ɗaya sannan ɗayan, sai hoton ya riƙa rawar ɗari, rubutun sunayen 'yan wasa yana hawa yana sauka, wanda ke gajiyar da ido bayan rabin awa. Shi wannan akwati yana duba hoton ne, inda babu motsi ya saƙa rabin biyu su ba da cikakken kaifi, inda ake motsi kuma ya cike da ƙiyasi. Na sa Pro Evolution Soccer 6 na 2006 ta wayoyi uku masu launi, na ɗauki Inter saboda Adriano kamar yadda kowa ke yi a wancan lokaci, allon maki ya tsaya cak, ciyawa ta fito da tsabta, kuma bugun ƙwallo yana fita lokacin da yatsa ya saki maɓalli. Mai wannan na'ura ya tuna ya shiga saitinta ya zaɓi nau'in hoton da ya dace da wayarsa, in ba haka ba zai ga allo baƙi ko launi ya juye kore, ya zaci akwatin ne.

Akwai kuma wata matsala ta gem ɗin PlayStation ta farko, irin Chrono Cross da Dino Crisis, waɗanda ke gudana a 240p amma su koma 480i duk lokacin da aka buɗe shafin kaya. Na'urori da dama sukan ɗauke hoto na 'yan daƙiƙu a kowane sauyi, kafin hoto ya dawo an riga an cinye ɗan wasa. A saitin Triple Buffer wannan akwati yana wucewa ba tare da allo ya yi duhu ba.

Akwai abubuwan da ba zai yi ba, kuma gara a san su tun kafin a fitar da kuɗi. Ba zai ƙara wa gem ɗigo ko ɗaya ba, abin da na'ura ta zana shi zai girmama. Ba zai gyara saurin na'urar Turai ba: wani abokina ya kawo tasa Mega Drive ta PAL muka jona, Sonic na farko ya fito da tafiyarsa mai nauyi da kiɗa mai ja da baya, domin hoto 50 take fitarwa a daƙiƙa maimakon 60, ragin wajen kashi 17 cikin 100, kuma daga cikin na'urar abin yake. Shi abokin nawa a haka ya san gem ɗin tun yana yaro, har ya ce tawa ce take gaggawa. Bindigar harbin agwagwa da ke zuwa da na'urorin kwaikwayon Famicom, masu kaset ɗin da ke alƙawarin gem dubbai alhali guda goma ne ake maimaitawa, ita ma ba za ta yi aiki ba, domin ta dogara ne da yadda talabijin mai doro ke nuna hoto nan take. Sannan ba ya fitar da 4K. Wannan sai babban wansa RetroTINK-4K, wanda ya fito a ƙarshen 2023 a kan dala 750.

Maganar kuɗi ita ce inda gizo ke saƙa. Lokacin da na saya, farashin akwatin yana kewayen dala 300, kuma daga ƙasar waje ake aiko shi, don haka mai saye daga Kano ko Maraɗi zai ƙara kuɗin aikowa da na fito, ga kuma canjin dala. Tsugune ba ta ƙare ba, domin kyan hoton yana bin kyan waya, kowace na'ura kuma da irin tata: Mega Drive ta farko da ta biyu ma bakin wayarsu ba ɗaya ba ne, PlayStation ta farko ba ta fitar da hoto ta wayoyi uku masu launi, sai SCART ko S-Video, Nintendo 64 kuwa ba ta wuce S-Video sai an buɗe ta an yi mata aiki. Wayar SCART marar kyau takan kawo ƙugi a sauti da ɗigo-ɗigo a hoto, akwatin kuma zai girmama aibin ne tare da hoton. Haka nan a kula da wuta: adaftar na'urar Japan ta bolt 100 ce, ta Amurka ta 120, tamu kuwa tsakanin 220 da 240 take, saboda haka a nemi adafta mai dacewa ko na'urar rage ƙarfin wuta kafin a jona, kuma kayan da suka ci irin wannan kuɗi ba a haɗa su kai tsaye da janareta ba tare da sitabilaiza ba.

Wanda ke neman mai rahusa yana iya duba OSSC, wani akwati irin wannan, aikin Markus Hiienkari na ƙasar Finlan, wanda jinkirinsa kusan babu, amma ba ya karɓar wayar rawaya ko S-Video, yana buƙatar haƙurin saiti, wasu talabijin kuma ba sa jituwa da bugun da yake fitarwa. Ƙananan RetroTINK-2X sun tsaya a 480p, sun kuma wadatar ga mai na'ura ɗaya ta zamanin kaset. Wanda gem ɗin kawai yake marmari, ba na'urar ba, ƙananan na'urorin da Nintendo ta fitar a 2016 da 2017 da wadda Sega ta fitar a 2019 suna zuwa da HDMI da gem a cikinsu, ba ruwansa da duk wannan lissafi.

RetroTINK-5X Pro na mutumin da ke da na'urori na asali biyu ko uku ne, musamman idan PlayStation 2 tana cikinsu, wanda kuma ba shi da wurin ajiye talabijin mai doro ko iyali ba za su lamunta a falo ba. A wannan aiki ban sami abin da zan kushe a hotonsa ko saurinsa ba, kuma tun da na gama saitin farko ba kasafai nake taɓa rimot ɗinsa ba sai domin sauya na'ura. Wanda Sega ɗaya gare shi da ɗaki mai sarari, shawarata ya fara zagaya wurin masu gyaran talabijin, inda tsofaffin masu doro ke jibge suna shan ƙura, ya zaɓi mai inci 14 ko 21 wanda gilashinsa bai dushe ba, ya tabbatar yana nuna launi a tsarin na'urarsa kafin ya biya. Ni ma daga ƙarshe na sayi mai inci 14 na ajiye a ɗakin karatu domin bindigar agwagwa da ruwan Green Hill, akwatin kuma yana falo a jone da PlayStation 2, inda yaran gidan suka fara koyon bugun Adriano.